Rahoton Ma'ajiya

Wuta ta ɗauke tun bayan lisha.
Na jingine fitilar salula jikin kofin shayi,
na buɗe kayen ƙungiya, mai bango kore.
Gobe Yamai ke jiran takarda,
gida uku suka zana mana a kanta:
mutane, maki, kuɗi.

Mutane.
Mu arba'in da uku muka ɗaura tsintsiya farkon shekara,
ƴan Tibiri, ƴan Tasawa, ƴan Dakwaro,
da mu ƴan gari da ke takowa daga Zariya da ƙafa.
Yau arba'in da ɗaya.
Sa'ude ta koma Damagaram karatun ungozoma,
wannan da sauƙin rubutawa.
Laure fa? Zazzaɓin kwana huɗu.
Takalminta na nan ƙarƙashin gado har yanzu,
ba wadda ta iya ɗauka.
Takarda ta ce: adadin waɗanda suka fita.
Na sa biyu. Alƙalamin bai ko girgiza ba,
ni ce na tashi na sha ruwa.

Maki.
Sha biyu da rabi bisa ashirin in an haɗa mu an raba,
bara sha ɗaya ne, sai a yi guɗa.
Amma wa ya auna Habsu
tana haddar sunayen ƙasusuwa a bakin kaskon awara?
Wa ya ƙirga daren da Barira ta kwana tana koya wa ƙananan lissafi
da gawayi, jikin bangon makewayi,
lokacin da malamai ke yajin aiki?
Uku sun faɗi. Ba zan kira suna ba,
ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuɗi. To, nan gizo ke saƙa.
Dala ɗari kowane wata, ga mai hali.
Buris ya yi wata biyar yana hanya kamar raƙumin da ya ɓata,
duk da haka jika ɗari da sittin da takwas suka shigo.
Fotokofi ya ci arba'in,
hayar kujeru, motar babban taro,
sabulu da gero da muka kai gidan su Laure.
Jika talatin da ɗaya ya kamata su saura.
Na zazzage gwangwanin madara a kan tabarma:
ashirin da huɗu.
Na sake ƙirgawa, kamar kuɗi na haihuwa.

Na san inda bakwai suka tafi.
Wata Talata ce, ana ruwa, gulbi ya kawo,
Cima ta tsaya bakin ƙofa, mayafinta na ɗiga,
ranar rufe rajista ce, kuma akuyar uwarta ta mutu.
Ban nemi sa hannu ba.
Yaya zan miƙa bik ga hannun da ke rawa?
Doka ta ce sai shaidu biyu.
Shaiduna ruwan sama ne da Mai sama.

Na rubuta "sauran buƙatu", na goge.
Na rubuta "bashi", na goge.
Takardar ta kusa hujewa.
Sauro na ta yi mini tambayoyin da shugaba za ta yi.

Da asuba na ji motsi.
Ƙullin leda a ƙarƙashin ƙofa,
ƴan silalla da takardu masu laushi,
duk suna ƙanshin man ƙuliƙuli.
Ba wasiƙa, ba suna,
sai sawun silifa ya nufi masallaci.

Na ƙirga: jika bakwai da dala ashirin.

Yanzu kuma lissafi ya sake ƙin daidaita,
rara ta dala ashirin.
Ku mutanen Yamai, masu zana gidaje,
a wane gida zan sa ta?